Wanda ya yanki ƙanwata ya dawo bakin layi: me 'yan majalisar jiha suke jira?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin shari'a a cikinmu su taimaka min, raina ne a ɓace. Wata biyu da suka wuce ƙanwata ta sauka daga adaidaita sahu bayan magariba a nan Ɗorayi, saura 'yan taku ta shiga gida, wasu yara biyu suka tare ta. Ɗaya ya zaro ɗanbida, ta riƙe jakarta, ya yanke ta a dantse, suka ƙwace mata waya. Ɗinki 6 aka yi mata. Allah ya taimaka 'yan sintiri suka kama wanda ya yanke ta a daren, aka kai shi caji ofis. To jiya ina dawowa daga masallaci na gan shi a gindin mai awara, yana ci yana dariya, har da sabon aski. Mai shagon wajen ya ce min a saninsa wannan ne kamu na huɗu da aka yi masa. Tambayata: mutum 40 muka tura majalisar dokokin jihar nan. Me ya hana su yin doka guda ɗaya, cewa duk wanda aka kama sau uku kan ƙwacen waya ko daba, kar ya ƙara ganin titi? Ko sai ya kashe wani tukuna?

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya, ya tsare gaba. Ni tun bara na daina fita da babbar waya, 'yar rakani-kashi nake sakawa a jaka.

DanKurna_Asali:
Malam Abba gaskiyarka. Wallahi yaran nan sun san ba abin da za a yi musu. A unguwarmu akwai wanda idan an kama shi har cewa yake "ku ajiye min shayina, ina dawowa". Kuma ya dawo. Ni a ganina ba sau uku ba ma, sau biyu ya isa.

Barista_Kabiru:
Allah ya ƙara sauƙi, Abban Sadiq. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: dokar da ta fi wadda kake nema tsanani tana nan tun tuni. Wanda ya yi ƙwace ɗauke da makami, ko bindiga ko wuƙa, ko ya ji wa mutum rauni a wajen ƙwacen, fashi da makami ya yi, kuma a dokar tarayya ta fashi da makamai hukuncinsa kisa ne. Ba sai ya yi sau uku ba, sau ɗaya ya isa. Shi ya sa lokacin da gwamnatin Kano ta sanar a watan Mayun 2023, dab da Ganduje zai sauka, cewa daga yanzu ƙwacen waya fashi da makami ne, mu lauyoyi muka dubi juna kawai. Ba sabon abu aka kawo ba, kuma sanarwa ba doka ba ce. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta ambata.

Na biyu, ka ce an kama shi sau huɗu. Kamu daban, samu da laifi daban. A idon alƙali, wanda aka kama sau goma amma kotu ba ta taɓa samunsa da laifi ba, yau ne ranarsa ta farko. Duk dokar "sau uku" da za a rubuta, hukunci za ta ƙirga, ba kamu ba. Ina zargin idan ka bincika, yaron nan ko sau ɗaya ba a kai shari'arsa ƙarshe ba.

Abban_Sadiq:
To Barista, in dokar tana nan, yaya aka yi yake cin awara a bakin layinmu?

Barista_Kabiru:
Kafin in amsa, in tambaye ka. Ƙanwarka ta je ta ba da bayani a rubuce? An karɓi takardar asibiti? An kai shi kotu, kuma da wane laifi aka rubuta, sata ko fashi? Sannan, kar ka ji haushi, ba wanda ya zo gidanku ban-baki?

Abban_Sadiq:
Hmm. Ta ba da bayani. Takardar asibiti tana hannuna. Maganar zuwa gida kuwa, an zo. Kwana uku da faruwar abin uwar yaron ta zo da mai unguwa da wani dattijo, ta zube a tsakar gida tana kuka, ta ce uban ya rasu, shi kaɗai ne namiji. Suka kawo waya irin wadda aka ƙwace, sai dai ta hannu ce, da dubu 20 kuɗin magani. Baba ya ce a bar wa Allah, kar a ce 'yarsa budurwa tana zaryar kotu. Ni ban yarda ba, amma ka san ba a ja da Baba.

Barista_Kabiru:
To ka ga inda gizo yake saƙar. A ƙa'ida fashi ba laifin da ake sasantawa a tsakar gida ba ne, laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma. Amma mai gabatar da ƙara ba shi da shari'a idan babu mai shaida. Ba ina ɗora wa Baba laifi ba, Allah ya ƙara masa lafiya, kusan kowane gida haka ake yi. Kawai ka ƙaddara sauran gidaje ukun ma haka aka yi da su.

DanKurna_Asali:
Barista kar ka mayar da laifin kan talaka. Mutum ya je kotu sau bakwai ana ɗagewa, ya bar sana'arsa, ya biya kuɗin mota, abokan yaron suna tsaye a bakin kotu suna kallon fuskarsa. Wa zai raka shi gida? Ku lauyoyi daga kotu sai mota.

Malama_Binta:
DanKurna ya faɗi gaskiya a nan. Ni na taɓa tsayawa shaida kan wani da ya fasa wa maƙwabciyata shago. Zama huɗu na je, biyu alƙali bai zauna ba, ɗaya an ce babu motar da za ta kawo wanda ake tuhuma. A na huɗun na haɗu da yayarsa a bakin ƙofa ta ce min "Malama ai mun san makarantar da kike koyarwa." Daga ranar ban koma ba. Idan 'yan majalisa suna son yin abin kirki, su fara da kare mai shaida.

Sani_Sacramento:
Salam. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma dokar da Abban Sadiq yake nema ita ce aka yi a jihar da nake zaune, Kalifoniya, tun 1994. Wanda yake da manyan laifuka biyu a baya, idan aka same shi da na uku, shekara 25 zuwa rai-da-rai. Jihar Washington ta riga su da shekara ɗaya, jihohi da yawa suka bi. Jama'a sun yi murna sosai a lokacin, don an gaji kamar yadda kuka gaji.

Matsalar da ta fito ita ce, a yadda aka rubuta ta da farko, laifi na ukun ba sai ya zama na zubar da jini ba. Akwai wanda ya saci kasakasan bidiyo na yara da kuɗinsu bai wuce dala 150 da 'yan kai ba, aka ba shi shekara 50, kuma kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin a 2003. Gidajen yari suka cika har a 2011 kotun ƙolin ta tilasta wa jihar rage fursunoni. A 2012 mutane suka kaɗa ƙuri'a aka sassauta, aka ce na ukun ma sai ya zama babba. A 2014 aka ƙara sassautawa, satar abin da bai kai dala 950 ba ta zama ƙaramin laifi. Sai masu shaguna suka fara kuka, a 2024 aka sake ƙuri'a aka tsaurara wa mai maimaita sata. Shekara 30 ana gaba ana baya.

Amma abin da nake so ku lura: a nan idan aka kama mutum, yatsunsa kawai za a ɗora a na'ura, tarihinsa duka ya fito, ko a wace jiha ya yi. Shi ya sa ƙirgen yake yiwuwa. A gida wa zai ƙirga?

DanKurna_Asali:
To amma laifi ya ragu ko bai ragu ba? Ita ce tambayar.

Sani_Sacramento:
Ya ragu sosai a shekarun 1990, amma ya ragu har a jihohin da ba su yi dokar ba. Shi ya sa har gobe masana suna jayayya kan nawa ne rabon dokar a ciki. Kowa yana jan bargon zuwa ɓangarensa.

Barista_Kabiru:
Malam Sani ya taɓo wajen. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi rumbun ajiye bayanan masu laifi a hannun 'yan sanda, ta kuma ce majistare ya riƙa leƙa caji ofis duk wata ya ga wa ake tsare da shi. Jihohi sun kwafi dokar, Kano ta yi tata a 2019. Amma je ka zauna a kotun majistare da safe. Bayan an samu mutum da laifi alƙali zai tambayi mai gabatar da ƙara ko yana da tarihin laifi a baya, amsar da za ka fi ji ita ce "ba mu da masaniya, ya mai shari'a". Yaro ya ce sunansa Auwalu a wannan kotu, a waccan ya zama Sani, a unguwa kuma da laƙabi aka san shi. Mai shagon layinku ya fi kotu sanin tarihinsa.

Bakatsine_01:
Ku da kuke neman doka mai zafi ku zo Katsina ku ga. A 2019 Masari ya sa hannu kan gyaran dokar da ta ce mai garkuwa da mutane da ɓarawon shanu kisa ne. Majalisa ta yi aikinta, an buga a jarida. A Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300. Wanda yake daji da bindiga bai san an yi zaman majalisa ba.

Gusau_Boy:
Mu ma Matawalle ya sa hannu a tamu a Yunin 2022, har da masu kai wa 'yan bindiga bayanai. Sai dai ka san me? Gwamnoni ba sa sa hannu a takardar zartar da kisa. Rabon da a ji an rataye wani a ƙasar nan tun na Edo a ƙarshen 2016. To an yanke maka kisa, kana zaune kana cin gabza, wata rana a yi afuwa ko a fasa gidan yarin kamar na Kuje a 2022.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To ni dai abin da ban gane ba, in ba za a zartar ba me ya sa ake ta yin dokar? Kaduna ma an ce a 2020 an yi ta dandaƙe masu fyaɗe. Ni ban taɓa jin wanda aka dandaƙe ba.

Tsohon_Hadimi:
Hajiya, na yi shekara huɗu ina yi wa wani ɗan majalisar jiha aiki, bari in gaya miki abin da na gani. Ƙara hukunci shi ne abu mafi arha da majalisa za ta yi. Layi biyu ne a takarda: inda aka ce shekara 7 a mayar 21. Ba ya cin ko sisi a kasafin kuɗi, kuma da yamma za a ji sunanka a rediyo. Amma ka ce a ƙara alƙalai, a ɗauki lauyoyin gwamnati, a sayi motar kai fursunoni kotu, a sa kwamfuta a kowace kotu, wannan kuɗi ne, kuma ba wanda zai yi maka waƙa a kai.

Sannan ku bambance ƙudiri da doka. Yawancin abin da kuke ji, "majalisa ta buƙaci gwamnati ta ɗauki mataki kan ƙwacen waya", roƙo ne kawai, ba ya ɗaure kowa. A tashi a yi jawabi, a buga guduma, a aika wasiƙa, shi ke nan.

A yi musu adalci kuma: 'yan sanda na tarayya ne, majalisar jiha ba ta da ikon ba kwamishina umarni. Shi ya sa kuka ga jihohi sun koma kafa nasu dakarun, Katsina a 2023, askarawan Zamfara a farkon 2024. Amma kotunan jiha, ma'aikatar shari'a, kasafin kuɗi, duk a hannunsu suke. Kuma tun Maris ɗin 2023 da Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, jiha tana da ikon yin gidan gyaran hali nata. Uzurin "ai na tarayya ne" ya ragu.

Kwankwason_Tsakiya:
Duk wannan dogon turanci ne. Wa yake ba yaran nan ƙwaya da kuɗi ranar zaɓe? Wa yake buga waya a sake su? Gwamnatin da ta wuce ce ta raine su.

Gandujiyya_Har_Gobe:
Kai dai ka ji kunya. Yanzu su wa suke mulki? Daba ta ragu ne ko ƙaruwa ta yi?

Admin_Lawan:
Ku biyun nan, kun san dokar gidan nan. Wanda ya ƙara kawo jam'iyya zan cire shi na kwana uku. Ku koma kan maganar.

Malama_Binta:
Admin ka yi haƙuri, amma in aka cire sunan jam'iyya maganarsu tana kan hanya. Kowane ɓangare yana da yaransa. Wanda zai rubuta dokar "sau uku" ya san wasu daga waɗanda za ta fara kamawa su ne suke bin motarsa ranar kamfen.

Na_Taba_Shiga:
Zan yi magana, wanda zai zage ni ya zage ni. Na yi wata 14 a gidan yari ina jiran shari'a. Faɗa aka yi a unguwa tsakanin layi biyu, aka zo kame da daddare, ina kwance a shagon ɗinkin ogana aka haɗa da ni. Aka kai mu gaban majistare, ya ce ba shi da hurumin laifin da aka rubuta, a ajiye mu sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Wata 14 fayil yana yawo. Ranar da ta fito aka ce ba ni da laifin amsawa.

Ɗakin da aka sa mu, kwanciya a gefe ɗaya ake yi, in za a juya sai an juya tare. Wanda yake kusa da bokiti shi ne sabon zuwa. A ɗakin nan na koyi yadda ake buɗe kwaɗo da ƙusa, da wanda ake kai wa waya a cire mata kulle, da farashin kowace ƙwaya, ba don na tambaya ba, hira ce kawai ta dare. Yaro ɗan shekara 17 da ya ɗauki kaza yana kwana jikin wanda ya yi kisa. Da na fito ogana ya riga ya sa wani a kekena. Mutanen farko da suka zo yi min barka da kuɗi a hannu, waɗanda muka zauna da su ne a ciki. Allah ne ya tsare ni, da kawuna da ya saya min keke na hannu.

To a lissafin Abban Sadiq, ni ina da kamu ɗaya ke nan. Saura biyu.

Abban_Sadiq:
Ɗan'uwa Allah ya saka maka. Wallahi ba irinka nake nufi ba. Amma wanda nake magana a kai da idonta ƙanwata ta gan shi, kuma da wuƙar aka kama shi.

Na_Taba_Shiga:
Na sani Yaya, ban ce a ƙyale shi ba. Cewa nake wanda ya yi yana waje saboda yana da mai zuwa ban-baki, wanda bai yi ba yana ciki saboda ba shi da kowa. In ka ƙara wa dokar zafi a haka, ka san wanda za ta ƙona.

Barista_Kabiru:
Abin da ya faɗa shi ne gaskiyar gidajen yarinmu: kusan biyu bisa uku na waɗanda ke ciki jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba. Kuma ga wani abu da masu son a kira komai "fashi da makami" ba sa lura da shi. Da zarar ka rubuta laifin da hukuncinsa kisa ne, majistare ya fita daga ciki, sai babbar kotu, sai shawarar lauyoyin gwamnati, sai shekaru. Kafin nan mai shaida ta yi aure ta koma Kaduna, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wajen aiki. Ni da za a tambaye ni, gara hukuncin shekara 5 da za a yanke cikin wata uku, da na kisa da ba za a kai ƙarshensa ba.

DanKurna_Asali:
Shekara 5 ga wanda ya soka wa mutum wuƙa? Haba Barista. Shi ya sa mutane suke ɗaukar doka a hannu.

Ustaz_Nura:
Subhanallah, kar mu buɗe wannan ƙofar. An sha dukan mutum har lahira daga baya a gano ba shi ba ne, ihun "ɓarawo" kawai aka ji. Jinin mutum ba abin wasa ba ne. Ni abin da nake tambaya, muna da kotunan shari'ar Musulunci tun 2000, kuma hukuncin mai tare hanya da makami a bayyane yake a Alƙur'ani, cikin Suratul Ma'ida. Me ya sa ba a bi ta nan?

Barista_Kabiru:
Allah ya gafarta Malam, ka fi ni sani cewa haddi yana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma ana kau da shi idan akwai shubuha. Ko ta nan aka bi, sai an kawo shaida, sai an bi ɗaukaka ƙara, sai gwamna ya sa hannu. Ramin da muka faɗa a can shi ne a nan.

Ustaz_Nura:
Haka ne. Amma ko ta'aziri aka yi da gaske, a bainar jama'a, da an ga bambanci.

Mai_Gyaran_Waya:
Ku duka kuna maganar mai ƙwace, ba wanda ya yi maganar mai saye. Yaron da ya ƙwaci waya ba kira zai yi da ita ba. Kafin gari ya waye ta bar hannunsa a kan kwata ɗin kuɗinta. In ta ƙi buɗuwa a farke ta, gilashi daban, batir daban, allo daban. Ni a teburina duk wanda ya kawo waya a cire kulle ba kwali ba rasit, ina ce masa ya gaba. Na kusa da ni zai karɓa. In majalisa tana son doka mai amfani, ta ce duk mai sayen waya ta hannu sai ya rubuta lambar jikinta da sunan mai sayarwa da hotonsa, wanda aka samu da ta sata a rufe shagon. Ai ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai kai.

Ummu_Hanan:
Wannan magana ta shige ni. Abban Sadiq, wayar da suka kawo wa ƙanwarka a madadin tata, ka tabbata ba ta wata baiwar Allah ba ce?

Abban_Sadiq:
Wallahi Ummu Hanan ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ba kwali suka kawo ta. Yanzu kin sa gabana ya faɗi.

Mai_Gyaran_Waya:
Kar ta ci gaba da riƙe ta haka. In aka bi sawu, wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara ɗauka.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To maganar tubabbun 'yan daba fa? Lokacin kwamishinan 'yan sanda Gumel a 2023 an ce su miƙa makamai a yafe musu, har aka sa wa wasu kaki na 'yan sandan sa-kai, aka yi ta surutu. Ni dai a layinmu an samu sauƙi na 'yan watanni, ba zan ɓoye ba.

DanKurna_Asali:
Sauƙin 'yan watanni. Ka tuba a gaban kyamara, a ba ka lemo, ka koma gida ba sana'a ba jari, dillalin ƙwaya yana nan inda ka bar shi. Kuma yaron da bai taɓa ɗaukar wuƙa ba yana kallo, ya ga wanda ya ɗauka shi ake kira gidan gwamnati.

Na_Taba_Shiga:
A nan kam na yarda da kai rabi. Amma na san mutum biyu da suka ajiye da gaske, ɗaya yana tura baro a kasuwa yanzu. Abin da ya riƙe shi ba bikin ba ne, wani dattijo ne a unguwar da yake nemansa kullum da asuba.

Tsohon_Hadimi:
Shi ya sa na ce a duba kasafi. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, aikin al'umma da sa ido bayan saki. Wa zai sa idon? Mutum nawa aka ɗauka? Ga makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru, ga gidan horon yara na Kaduna, gado nawa suke da shi idan aka kwatanta da yaran da ke shan ƙwaya a Kano kaɗai? A Nuwamban 2023 ma'aikatar cikin gida ta biya wa fursunoni sama da 4,000 tara aka sake su, mutanen da ƙaramin kuɗi ne kawai ya riƙe su. Abu ne mai kyau, amma washegari ina suka nufa? Lokacin da ake kare kasafi a kwamiti, da wuya ka ga mutumin gari ya zo. Ranar rabon babura kuwa harabar ba ta ɗaukar mutane.

Malama_Binta:
To a gaya mana ranar mana. Wa yake sanarwa?

Tsohon_Hadimi:
Malama, ki fara da ɗan majalisar mazaɓarki. Ki tara mata goma ku je ofishinsa da takarda. Ba na ce zai yi ba, amma goma tana ba su tsoro fiye da yadda kike zato.

Gusau_Boy:
In kin same shi a ofishin.

Sani_Sacramento:
Ni dai har yanzu ina kan tambayata. A ce gobe majalisa ta yi dokar Abban Sadiq, gwamna ya sa hannu. Yaron nan ya tsaya gaban alƙali. Wace takarda za a ɗaga a ce ga na ɗaya, ga na biyu?

DanKurna_Asali:
A kira mai shagon layinsu ya faɗa.

Abban_Sadiq:
Barista, na yi magana da ƙanwata yanzu. Ta ce ita a shirye take ta tsaya a kotu in Baba ya yarda, tun farko ma ba ta so aka karɓi wayar ba. Za a iya tayar da maganar bayan an ce an sasanta? Kuma ita wayar da kuɗin, mu mayar wa uwar ne ko mu kai caji ofis?

Barista_Kabiru:
Ana iya tayarwa, sasancin tsakar gida bai kashe laifin ba. Kar ku mayar wa uwar. Ka ɗauki hoton wayar da lambar jikinta, ku kai ta tare da takardar asibitin, a rubuta an karɓa a ba ku shaida. Ka turo min saƙo ta gefe in gaya maka yadda ake rubuta koken. Amma ka fara da Baba, kuma kar ka je kai kaɗai, ka nemi wanda yake jin maganarsa.

Abban_Sadiq:
Akwai Kawu na Gwammaja, shi kaɗai yake iya juya shi. Sai dai ya tafi Dawanau sayen hatsi, sai jibi zai dawo.